Ana kukan tsadar gwal, an manta da maƙeran fari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ka ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan wagga magana ta tsadar gwal da ta addabi masu haɗa lefe. Kowa kuka yake, iyaye na kuka, samari na kuka, har masu shagunan ma na cewa ciniki ya tsaya, amma ban ji wanda ya tsaya ya tambayi giram nawa ne ma ya kamata ya shiga cikin munduwa guda ba, ko mi ya sa wata munduwar za ka gan ta da faɗi ga ƙarfi ga kyau amma in anka ɗora ta a sikeli ba ta kai rabin nauyin wata ba. Amsar na wurin maƙeran fari, su kuma yanzu ba mai leƙa su sai wanda maƙalin ɗan kunnen matarshi ya karye.

Gwal kam ya hau, ba gardama. A 2025 farashin oza guda, wato giram 31 da ɗan ɗori, ya haura dala 4,000 a kasuwar duniya, ga naira kuma kowa ya san halin da take ciki. Wannan ba abin da mu nan Sakkwato za mu iya yi a kai. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za a sarrafa ɗan abin da mutum ya iya saye ya zama abin ado na fita kunya, kuma nan ne sanin lanƙwasa ƙarfe ya shigo.

Ni malamin aikin ƙarfe ne a makarantar fasaha, dangin mahaifiyata kuma maƙeran fari ne, gindin zuga-zugi na yi ƙuruciya, to abin da zan faɗa rabi daga aji ne rabi daga maƙera. Saboda yaran yanzu bari in ɗan bambance, maƙerin baƙi shi ke aikin baƙin ƙarfe, fartanya da galma da wuƙa da linzami, irin aikin da anka san unguwar Maƙera Assada da shi tun zamanin da. Maƙerin fari kuma nashi azurfa ne da zinari da tagulla da jan ƙarfe, zobe da munduwa da awarwaro da 'yan kunne da kayan adon doki na hawan Sallah.

In ka buga azurfa ta yi falle mai kaurin rabin milimita, muddin a shimfiɗe take da yatsa biyu za ka tanƙwara ta. Amma ka ba ta lanƙwasa a faɗinta, ko da 'yar kaɗan ce, sai ta ƙi tanƙwaruwa a tsawonta. Shi ya sa kwanon rufi yake da kwari da tudu, da a shimfiɗe yake ba wanda zai iya hawa kai. To munduwa ma haka ne, siffa ke ba ta ƙarfi tun kafin a zo maganar kauri, kuma duk maƙerin da ya gane wanga abu zai iya fitar maka da babban abu daga ƙarfe kaɗan.

Mafi sauƙi ita ce lanƙwasa ta gefe guda, irin ta zoben aure ko awarwaro, a yanko ƙarfe a naɗa shi jikin sandar ƙarfe mai kauri a gindi da tsini a sama, a riƙa bugu da gudumar katako ko ta ƙaho don kada a bar tabo. Ko nan ma akwai lissafi. Bayan ƙarfen yana miƙewa, cikin yana matsewa, tsakiyar kaurin ce kaɗai ba ta canzawa, saboda haka in kana son munduwa mai faɗin ciki milimita 65 kuma kaurin ƙarfen milimita 2 ne, sai ka haɗa su 67 ka ninka da 3.14, ka yanko milimita 210. Ɗalibi ya manta da kaurin nan sai munduwa ta fito ta ƙi wuce hannu. Kawuna bai taɓa jin 3.14 ba, da zare yake awo ya ƙara ɗan abin da idonshi ya ba shi, kuma ba ya kuskure. Sannan ƙarfe na da taurin kai, in ka sake shi sai ya ɗan buɗe, dole ka lanƙwasa ya ɗan zarce inda kake so.

Sai wadda nake ce ma ɗalibaina lanƙwasar ƙwarya, wadda ko ta ina ka bi ta gefe guda take lanƙwashewa. Wannan ba ta yiwuwa da naɗi kawai, sai an sa ƙarfen ya miƙe a tsakiya. Ana sassaƙa ɗan rami a kututture, a ɗora fallen da anka yanka da'ira, a fara bugu da guduma mai zagayayyen kai daga baki ana zagayawa ana shiga ciki a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya faɗa ma tsakiya tun farko, bakin zai tattare ya yi ninki, tsakiyar kuma ta yi siriri ta huje. In anka yi guda biyu anka haɗa baki da baki anka like, ka samu ƙwallon abin wuya ke nan, babba a ido amma iska ce ciki. Kuma dole a bar mishi ɗan huji, don in anka rufe shi ruf anka sake kai shi wuta iskar ciki na iya fasa shi, har ta watsa ma mutum narkakken ƙarfe a fuska.

Wadda ta fi ba ni sha'awa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce lanƙwasar sirdi. Sirdin doki gaba da baya ya ɗaga sama, gefe da gefe kuma ya sauka ƙasa, wato lanƙwasa biyu masu saɓa ma juna a jiki guda. Munduwar da ta zagaye hannu amma bakunanta biyu sunka buɗe waje, tsakiyarta ta yi kwari, to ita ce. Nan aikin a juye yake, bakunan ake miƙarwa su fi tsakiya tsawo, tsakiyar kuma a matse ta, ana ɗora fallen kan ƙarfe ko katako mai kwari ana bugu da guduma mai siririn baki layi-layi, a gama zagaye guda a koma wani kwarin da ya fi matsewa. In aiki ya yi kyau abin da ke fitowa ba nauyi, ga ƙarfi, ga shi yana ɗan buɗewa ya koma ba tare da ya karye ba, kuma haske na gudu a jikinshi duk inda hannu ya juya. Mace za ta sa ta yini da ita a biki ba ta ji hannunta ya gaji ba.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton manyan 'yan kunnen zinari na matan Fulanin Mali, wajen Mopti da Jenne, waɗanda ake naɗe samansu da jan zare, ya ga wanga aiki a ƙololuwarshi. Sandar zinari guda ce maƙeri ke bugawa ya fitar mata da fukafukai, ya yi ta bugun bakin kowane fiffike har ya yi siriri, da yake bakin ya fi tsakiya tsawo sai abin ya lanƙwashe da kanshi, sannan a murɗa. A Amurka wasu maƙera biyu, Heikki Seppä wanda asalinshi ɗan Finland ne da Michael Good, su sunka yi fice wajen tsara wagga hanya da koyar da ita, yanzu darasi ne a makarantun ƙira na can kuma kayan da anka yi da ita tsada gare su ba kaɗan ba. Mu kuma abin na maƙwabtanmu ne, Fulani ne fa, amma yaranmu sai dai su gani a Instagram su ce kai Turawa sun iya abu.

Duk wannan bugun ba ya yiwuwa sai da wuta. Azurfa ko jan ƙarfe in ana bugunsu ƙara tauri suke yi, tun guduma na shiga har ta fara tsalle, sautin ma canzawa yake, ya tashi daga dum-dum ya koma ƙal-ƙal, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba sai dai ya ga tsaga a baki. Da an ji haka sai a mai da shi wuta har ya yi ja-ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 650 in azurfa ce, shi ya sa maƙerar fari ba a son haske da yawa cikinta, don da rana tsaka ba ka ganin jan sai ya wuce. Kuma tazarar ba ta da yawa, tsantsar azurfa na narkewa a digiri 962, wadda anka gauraya da jan ƙarfe tun kafin 900 ta fara zubewa, zinari tsantsa 1,064. Ka ɗan juya ka amsa sallama aikin sati ya zama dunƙule. Gawayin ƙirya tsofaffi ke nema saboda yana riƙe wuta ba ya saurin zama toka, yanzu kuma ƙiryar ma ta yi wuya. Abin da ke ɗaure ma ɗalibai kai shi ne maƙerin baƙi in ya tsoma wuƙa mai zafi a ruwa tauri take yi, amma jan ƙarfe da azurfa in anka tsoma su laushinsu na nan. Bayan wuta ƙarfen kan yi baƙi, sai a jiƙa shi a ruwan tsamiya ko lemun tsami ya fito fari, a koma bugu, a sake komawa wuta, haka haka har siffa ta fito. Bugun ƙarshe kuma ba a mai da shi wuta, da gangan ake barin taurin nan don shi ke riƙe munduwa kada ta lotse.

Tun da na zo nan bari in ja kunnen iyayenmu mata da ƙannenmu. Don Allah in ɗan kunnen gwal ya karye kada a ba mai gyaran rediyo ko waya ya like da dalmar nan tasu. Dalma guba ce ga zinari, ɗigo kaɗan in ya shiga jikinshi, ranar da anka sake kai shi wuta sai ta ci wurin, kuma zinarin da dalma ta gauraya da shi ba ya lanƙwasuwa, tsagewa yake. Maƙeri na gaskiya da irin ƙarfen yake like, zinari da zinari, azurfa da azurfa, wanda anka ɗan rage mishi zafin narkewa.

Ba ina cewa duk abin ado sai an buga ba. Akwai zubi, a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita a zuba ƙarfe a gurbinshi, da haka Buzaye ke yin shahararren abin wuyan nan na Agadas, kuma aiki ne mai daraja. Sai dai zubi na cin ƙarfe, don narkakken ƙarfe ba ya bin wuri mai siriri sosai, dole a yi shi da kauri, kuma bai da taurin nan na bugu. A zamanin da giram guda ke cin albashin wani, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kayan kanti kuma da ake kawowa daga Dubai da Saudiyya da Indiya yawancinsu inji ne ke danna falle cikin ma'auni ya fito da rabi-rabi a like, wasu ma ruwan gwal ake tarawa da lantarki a jikin kaki har ya yi ɓawo. Suna da kyau a ido wallahi, ba zan hana su ba, amma sirantarsu ta wuce misali, in yaro ya taka ko ƙofar mota ta datse shi ke nan, ba guduma da za ta shiga ciki ta tayar da lotsawar. Wasu mundayen kuma ana cika cikinsu da danƙo don kada su lotse, to mai saye ya tambaya tun kafin a ɗora a sikeli, kada ya biya kuɗin gwal a kan danƙo. A duba hatimi kuma, 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, azurfa mai kyau 925, ko da yake hatimi ma ana buga na ƙarya, gwaji ya fi.

Abin da ke ci min rai shi ne zinarin nan fa a ƙasarmu ake haƙo shi. Ga Zamfara nan kusa da mu, Anka da Bukkuyum da Maru, har a 2010 gubar dalma ta wajen niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400, Allah Ya jiƙansu, ban da abin da rashin tsaro ya jawo daga baya. Mu ke ɗaukar wahalar da gubar, ɗanyen zinari ya fita waje, wani ya lanƙwasa shi can ya dawo muna da shi mu biya kuɗin aiki da na jirgi da ribar mutum uku. Ranar da matar za ta sayar kuma a ce mata kuɗin aiki ba ya dawowa.

Wata asarar kuma ta cikin gida ce. Kakanninmu da liyari ake yi musu mundaye, kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya da kullum shekarar 1780 ce rubuce a jikinshi, nauyinshi giram 28, da kuma tsofaffin sulalla na azurfa na farkon zamanin Turawa kafin a canza su wajen 1920. Waɗannan mundaye da ƙarau da zobba in tsohuwa ta rasu magada sai su kai kasuwa a auna a biya su kuɗin nauyi, washegari an narke. Aikin hannun mutumin da ya rasu shekara tamanin da sunka wuce, wanda da maƙerin yau zai riƙe ya juya ya ga inda guduma ta bi ya koya, ya tafi cikin minti biyar. Ina ma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu za ta samu tallafin da za ta riƙa sayen irin waɗannan tana ajewa, ko aƙalla a ɗauki hotonsu da awonsu kafin su shiga wuta.

Su ma maƙeran namu ba zan wanke su tas ba, ko da yake dangina ne. Akwai mai karɓar azurfarka ya ƙara mata jan ƙarfe bai faɗa maka ba, sai ta fara baƙi a hannu ka gane. Akwai gobe ka dawo, jibi ka dawo, har biki ya wuce. Gamawa kuma ita ce babbar matsalarmu, siffa ta yi kyau amma ba a bi ta da magagari da samfefa an goge yadda ya kamata ba, bakin na kama mayafi, amarya kuwa ba za ta sa abin da zai ja mata zaren leshi ba ko da kakanta ne ya ƙera. Ga ɓoye sani, tsoho ya gwammace ya tafi da abin da ya iya da ya nuna ma ɗan wani gida, nashi 'ya'yan kuma sun koma acaba da sayar da layin waya.

Kayan da za su gyara yawancin wannan ba wasu masu tsada ba ne. Injin murza ƙarfe na hannu wanda zai fitar da falle mai kauri ɗaya cikin minti kaɗan maimakon yini ana bugu, da wutar gas da ake iya saitawa, da sikeli na lamba, da injin goge. Har injin matse ƙarfe ana haɗawa da jak ɗin mota mai tan 20 cikin firam na ƙarfe, masu walda na nan garin za su iya haɗa shi, ya riƙa fitar da lanƙwasar ƙwarya iri ɗaya guda hamsin, maƙeri ya ƙarasa da hannu. Koyo kuma ba da gwal ake farawa ba, jan ƙarfe na tsohuwar waya da tagullar famfo sun isa yaro ya yi shekara yana ɓatawa yana gyarawa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun fasaha na jiha za su iya buɗe ɗan kwas na wata shida, a ɗauko tsofaffin maƙera a biya su su koyar da bugu da wuta, malaman aji su koyar da awo da zane da lissafin karat, kuma a sa 'yan mata ciki, don su sunka san abin da mata ke so, aikin kuma bai fi ƙarfinsu ba, ana yin shi a zaune cikin gida. Bida ta riƙe aikin tagulla da na kwalba har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2021, ban ga abin da zai hana Sakkwato ba, ga fata ga ƙira.

Roƙona gare ka Malam Edita, lokacin da za ku sake yin rahoto kan farashin gwal, bayan wakilinku ya gama da masu shago, ya ƙarasa wurin masu guduma ya zauna da su ko na awa biyu ne, ya ɗauki bidiyon yadda falle ke zama munduwa ku sa a shafinku na Facebook, ya tambaye su nawa ne kuɗin aikin giram guda da kuma yara nawa ke koyo a hannunsu yanzu. Masu haɗa lefe kuma su gwada, ko set guda ne cikin akwatin a ba maƙerin gida ya yi, na azurfa ma ya isa, a auna a gabansu kafin aiki a sake aunawa bayan aiki, a rubuta a takarda kowa ya riƙe tashi.

Na gode da wanga fili, Allah Ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku,
daga Sakkwato.